Man da Jatan Lande Ba Ya Iya Yi wa Kansa

Alhaji ne ya fara kawo maganar, wata ranar Asabar muna zaune a rumfar da ke gaban injinmu na haɗa abincin kifi a bayan garin Kano. Dawowarsa ke nan daga Abuja, inda aka kawo masa faranti a wani otal da jatan lande guda shida a kai. Ya ga kuɗin da aka rubuta masa, bai daina lissafi ba har ya iso gida. "Malam," ya ce, "shekara nawa muna fama da tarwadar nan? Ga abin da ake sayarwa da ƙirge. Ai ruwa ne da gishiri, gishiri kuwa bai gagare mu ba." Na ce masa sanin da na yi wa jatan lande bai wuce busasshen da ake aunawa a kwano a kasuwar Sabon Gari ba, wanda ake kawowa daga Oron. Ya ce to sai in je in gano da idona. Bayan wata huɗu na zirga-zirgar takardu, sai ga ni a watan Oktoban 2023 cikin jirgi daga Amsterdam. Muka ya da zango a Kito, babban birnin ƙasar Ekwado, aka sauke wasu, sannan muka gangara Guayaquil, wanda a bakin mutanensa yake fita Gwayakil.

Ba a rasa dalilin zaɓen Ekwado ba. Mutanenta ba su kai miliyan 20 ba, amma a 2022 ta fitar da jatan lande sama da tan miliyan 1, kuma ƙasar Sin ce ta fi kowa saye. Kowane Oktoba ƙungiyar masu kiwonsa tana shirya baje-koli a Gwayakil mai suna AquaExpo, shi na nufa.

Abin da ya fara tsayar da ni a garin kogin Guayas ne. Ruwansa ja-ja-ja kamar na Binuwai da damina, ga ciyayi tuli-tuli suna yawo a kai. Da safe na gan su suna gangarawa teku, da la'asar na dawo na tarar da su suna komawa inda suka fito. Na daɗe a tsaye kafin na gane cewa tekun ne yake turo kogin baya idan ya cika. Ɗan Arewa bai saba ganin kogi yana tafiya gaba da baya ba. A wani lambu da ke gaban babban cocin garin kuma, wasu manyan ƙadangaru masu kama da damo suna kwance kan benci da rassan itace, yara na miƙa musu ganye. Garin yana cikin ɗar-ɗar a lokacin, mako guda da kammala zaɓen shugaban ƙasa, sojoji a mararraba, mai masaukina kuma ya ja mini kunne kada in fita bayan isha'i. Abinci bai ba ni wahala ba. A mazhabarmu ta Malikiyya duk abin da ya fito daga teku halal ne, don haka na zauna kan wata miyar kifi da rogo da albasa da suke karyawa da ita, da soyayyar ayaba ɗanya.

Kwana uku na yi ina zaga rumfunan baje-kolin. Na je da tambayoyi kan tankuna da gishiri da injin iska, amma duk inda na tsaya sai hira ta karkata ta koma kan mai. Man kifi. A watan Yunin shekarar gwamnatin Peru ta soke kakar farko ta kamun wani ƙaramin kifi da ake kira anchoveta, saboda ɗumamar ruwan teku ta El Niño ta kore shi ƙasa, abin da ya rage kusa da sama kuma yawanci ƙanana ne. Wannan ɗan kifin shi ne babbar rijiyar man kifi ta duniya, da aka rufe ta farashi ya haura inda bai taɓa zuwa ba. A wata rumfar masu sayar da abinci na ce wa mutumin da ke wurin, ta bakin ɗalibin da ke yi mini tafinta, me zai hana su zuba man waken suya su huta? Mu haka muke yi wa tarwada, har da man ja, kuma tana girma. Ya dube ni da kyau, ya ce suna zubawa, amma akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Ya rubuta mini lambar wata ƙwararriya da ke kula da gidan ƙyanƙyasa a lardin Santa Elena, ya ce ita za ta nuna mini iyakar.

Tafiyar awa biyu ce daga Gwayakil zuwa yamma. Ana fita gari sai ƙasa ta bushe, ƙaya da sabara-sabara, in ba don allunan hanya ba sai ka rantse tsakanin Gumel da Maigatari kake. Can sai ga wasu itatuwa masu ƙaton gindi kore shar, ba ganye ko ɗaya, rassa a baje. Na ce wa direba ya tsaya. Suna kiransa ceibo, kuma ɗan'uwan riminmu ne na jini, har audugar ma yana yi. Na ɗauki hotonsa na tura wa mai ɗakina.

Gidajen ƙyanƙyasar a jere suke a bakin tekun Mar Bravo, kusa da filayen da ake shanya gishiri, kowanne da bututunsa da ya kutsa cikin ruwa. Dakta, kamar yadda kowa ke kiranta, mace ce mai kimanin shekara hamsin, tana jin Turanci. Sai da na tsoma takalman roba a ruwan magani na wanke hannu har gwiwa kafin ta bar ni na shiga. Ba ta fara kai ni wurin jatan lande ba. Ɗakin da ta buɗe mini cike yake da dogayen ledoji da tankuna masu haske, fitilu a bayansu, iska na ɓulɓulowa daga ƙasa. Wasu ruwansu launin shayi ba madara, wasu kore kamar miyar kuka. Ta ce wannan gansakuka ce ta teku, mai ƙwayar halitta ɗaya tak, ido ba ya ganin guda sai taronta. Masu launin shayin su ne Chaetoceros da Thalassiosira. "Injiniya," ta ce da ni, don haka suke kiran duk baƙon da ya zo da littafin rubutu, "man da kuke ta magana a kai a Gwayakil, a ɗakin nan ake yin sa. Kifi ɗauka kawai yake yi."

Ta ɗebo ɗigon ruwa daga wani tanki ta ɗora a madubin ƙara girma. Na leƙa. Wani abu ne garai-garai kamar gilashi, ido biyu baƙaƙe, gashi-gashi a gefe, yana ta kaɗa ruwa zuwa bakinsa, hanjinsa zare ɗaya launin ƙasa cike da gansakukar da muka baro. Uwa ɗaya takan saki ƙwai 100,000 zuwa 250,000 a dare guda, su ƙyanƙyashe cikin kamar awa 16. Kwana biyun farko jaririn ba ya cin komai, guzurin da uwa ta zuba masa a ƙwai yake ci. Idan guzurin ya gaza, ranar da ya kamata ya fara ci da bakinsa sai a tarar da shi a ƙasan tanki. Shi ya sa iyayen suke cin abin da ya fi na ma'aikatan gidan tsada. Na gan su a wani ɗaki mai duhu, manya-manya, tsawon tafin hannu da ɗoriya, ana yanka musu ɗanyen naman wasu halittun teku masu laushin jiki, da tsutsar teku da ake shigowa da ita a daskare.

A ofishinta na maimaita tambayar man waken suya. Ta miƙo hannu ta ce in ara mata carbin da ke hannuna. Ta shimfiɗa shi kan tebur, ta ƙirga 'ya'ya 18, ta danne da yatsa. Ta ce kowane mai da na sani, man ja ne ko man gyaɗa ko kitsen rago, jerin ƙwayoyin sinadarin kabon ne kamar wannan, an ɗaura su bi da bi. Idan jerin miƙaƙƙe ne sai su kwanta jikin juna su daskare, kamar yadda man shanu ke yin dutse da sanyi. Idan akwai lanƙwasa a jiki, ta tanƙwara carbin, ba sa iya kwanciya, sai man ya zauna ruwa. Mafi yawan man waken suya 'ya'ya 18 ne da lanƙwasa biyu, wani ɗan kaso kuma lanƙwasa uku. Ta ƙara 'ya'ya biyu suka zama 20, ta yi lanƙwasa biyar, ta ce wannan shi ne EPA. Ta ƙara biyu suka zama 22, lanƙwasa shida, carbin ya nannaɗe kamar ƙugiya. Wannan kuma DHA. Su ne omega-3 ɗin da ake tallar su a kantin magani. Da su ake gina tantanin da ya lulluɓe ƙwayoyin ido da na jijiya, su ake zubawa a ƙwai, su ne ke sa tantanin ya yi laushi har gishiri da abinci su riƙa shige da fice yadda ya kamata.

Daga 18 zuwa 20 kuwa aiki ne na ma'aikata iri biyu a cikin jiki. Akwai masu lanƙwasa, akwai masu ƙari. Mai lanƙwasa ya yi nasa, mai ƙari ya ɗora 'ya'ya biyu, wani mai lanƙwasan ya sake yi, sannan a sami EPA. Zuwa DHA sai an sake zagaye. Kowane ma'aikaci da umarnin ƙera shi a rubuce cikin ƙwayoyin gado, masu lanƙwasan ana kiran nasu fads, masu ƙarin kuma elovl. Wanda ya gaji cikakken rubutu, ba shi man ganye ya wadatar. Wanda nasa ya zo da giɓi, sai dai a kawo masa a gama.

Jatan lande na cikin masu giɓi. Tun a shekarun 1970 Akio Kanazawa da abokan aikinsa a Jami'ar Kagoshima ta Japan suka ba jatan landen ƙasarsu mai mai 'ya'ya 18 da aka yi wa alama, suka bi sawun alamar a jikinsa. Abin da ya isa EPA da DHA ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da na wani kifin ruwan daɗi da suka gwada tare. A 2019 masana a Cibiyar Nazarin Teku da ke Qingdao a ƙasar Sin suka fitar da karatun kundin gadon wannan farin jatan landen da Ekwado ke kiwo. Sun ƙirga ƙwayoyin gado 25,596, a jere cikin ƙunshi 44 masu zuwa bibbiyu, inda ɗan Adam ke da 23. Aikin ya daɗe yana gagarar mutane, domin kusan rubu'in rubutun 'yan haruffa ne ake ta maimaitawa, kamar allon da yaro ya cika da baƙi ɗaya. A cikin kundin akwai masu ƙari. Akwai mai yin lanƙwasar farko, wadda kusan kowace dabba ke iyawa. An kuma ga wasu masu kama da sauran masu lanƙwasan, amma idan aka koma tanki aka auna, abin da jikin ke fitarwa ba ya isar sa. Dole a zuba masa EPA da DHA a abinci, kimanin rabin kashi zuwa kashi 1 cikin 100. Kaɗan ne a ido, amma idan babu shi girma ya tsaya, ƙwai ya lalace.

Na ce mata wannan ai nakasa ce. Ta girgiza kai. Ta ce halittar da ta shafe miliyoyin shekaru a bakin teku, inda gansakuka ke zubo mata wannan mai kyauta dare da rana, me za ta yi da injin tatsa? Kifayen teku da yawa haka suke. Mu ne muka ɗauke shi daga inda yake muka sa a kududdufi, muka ce ya ci wake.

Ta ƙara mini wani da ban taɓa ji ba. Jatan lande ba ya iya haɗa kolestarol ko ɗigo, alhali da shi yake ƙera sinadarin da ke ba shi umarnin yin saɓa. Ba ya girma sai ya tuɓe ɓawonsa, kamar maciji, don haka wanda bai sami kolestarol a abinci ba ya tsaya ke nan. Ta ce ƙwari ma duka haka suke, domin dangi ɗaya ne. Nan na tuna mutanenmu da ke yamutsa fuska idan an ambaci jatan lande, suna cewa ƙwaron ruwa ne, alhali ga ledar soyayyar fara da yaji a hannunsu. Ashe gaskiya suka faɗa ba su sani ba, ɗan'uwan fara ne.

Sai ta tambaye ni wane kifi muke kiwo. Na ce tarwada, Clarias. Ta ajiye carbin ta juya ga kwamfutarta, ta ɗan yi bincike, ta juyo mini da fuskar. Aiki ne da aka buga a 2016 daga Jami'ar Stirling ta Sikotlan, sunan farko a kai Angela Oboh, 'yar Najeriya. Sun ciro ƙwayar gadon fads2 daga tarwadarmu, suka dasa ta cikin yis, ƙwayar nan da ke sa burodi ya tashi, suka ba yis ɗin mai. Sai ga shi ma'aikaci ɗaya yana yin lanƙwasa biyun da ake bukata, ga kuma mai ƙari, elovl2, yana kai jerin inda ya kamata. Wato tarwada tana da injinta a ciki. Ba ta man ganye mai lanƙwasa uku, ta ƙarasa sauran da kanta. Karfasa ma haka.

Na yi shiru na ɗan lokaci. Shekara 14 ina zuba wa kifin nan abinci, ina ganin yadda yake jure ruwa mai dauɗa da zafin Afrilu, yana haɗiyar iska idan ruwa ya gaza masa, ban taɓa sanin yana da wannan baiwar ba. Sai da na ƙetare tekun Atlantika wata baƙuwa ta nuna mini, kuma aikin 'yar ƙasarmu ne. Abin ya yi mini daɗi, ya kuma yi mini ciwo. A tarukan masu kiwon kifi da nake zuwa a gida, ban taɓa jin an ɗauko irin wannan binciken an fassara wa mai kududdufi biyu a bayan gidansa ba, alhali shi ne zai gaya masa inda zai rage kuɗi da inda bai kamata ya rage ba.

Mu ma 'yan Adam muna da namu, FADS1 da FADS2, a ƙunshi na 11, kuma ba ɗaya muke ba. Binciken da aka buga a 2015 kan mutanen Inuit na Girinlan, waɗanda kakanninsu suka rayu kan kifi da kitsen dabbobin teku, ya nuna nasu sun sauya sun rage aiki. Yawancin mutanen Afirka kuwa suna ɗauke da nau'in da ya fi ƙwazo wajen juya man ganye. Dakta ta ce kada in ɗauki wannan a matsayin izinin daina cin kifi, domin ko mai ƙwazon abin da yake juyawa zuwa DHA kaɗan ne, mai ciki da mai goyo da yaro ƙarami suna bukatar na kifi.

Washegari muka bi hanyar gaɓa zuwa arewa, muka wuce San Pedro inda cibiyar binciken CENAIM take, wadda aka gina a 1990 da taimakon Japan. A wani gidan zaɓen iri da ke yankin na ga tankuna ƙanana birjik, kowanne da lamba, kowanne 'ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Wani saurayi yana ɗaukar jatan lande ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora a sikeli, ya ɗan yanki ƙafar iyo guda ya jefa a kwalba don gwajin DNA, ya mayar da shi ruwa. Na tambaye shi ko ba za a zaɓo waɗanda za su rayu kan man ganye zalla ba. Ya ce iyali da iyali sun bambanta. Wasu sun fi riƙe ɗan DHA ɗin da suka samu, ba sa ƙone shi a matsayin makamashi, wasu sun fi girma idan an rage garin kifi, kuma ana iya bin wannan a hankali daga tsara zuwa tsara. Amma zaɓe ba ya ƙirƙiro abin da babu shi a zuriyar. Na ce masa a wurinmu ana cewa da ruwan ciki ake jan na rijiya. Da tafinta ya juya masa, sai ya ce in maimaita ya rubuta.

Ya kuma taɓo abin da ya shafi shirin Alhaji kai tsaye. Wannan jatan landen yana iya zama a ruwan da gishirinsa bai taka kara ya karya ba, a Ekwado ma akwai gonaki can cikin ƙasa nesa da teku. Sai dai a irin wannan ruwa jikinsa kullum cikin kokawa yake don riƙe gishirinsa, kokawar kuma a tantanin matsatsar numfashinsa ake yin ta, wanda da waɗannan mayukan aka gina shi. Ga kuma potasiyam da magniziyam da ruwan teku ke da su, gishirin miya ba shi da su. Na rubuta wannan na ja layi biyu a ƙarƙashi.

Gonar da na kwana a cikinta tana tsibiran bakin kogin Guayas, sai da kwale-kwale mai inji. Mun ratsa ta cikin dajin mangle, itatuwan da ke tsaye a ruwan gishiri kan saiwoyi kamar ƙafafun gizo. Ana cikin duhun daji sai kawai ya yanke, fili ya buɗe, kududdufai iya ganinka, wasu hekta 10 guda ɗaya. Ba sai an gaya maka ba, da yawansu daji ne aka sare. Masu kamun ƙaguwa da muka wuce, laka har ƙugu, su ne suka san abin da aka rasa. A bakin gonar akwai hasumiya da masu gadi riƙe da bindiga, saboda 'yan fashin ruwa.

Dattijon da ke kula da wurin ya fi shekara 30 yana aikin. Ya kai ni bakin wani kududdufi inda wata na'ura ke tsaye kan ruwa da farantin hasken rana a kanta, ya sa mini abin sauraro a kunne. Na ji ƙara ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana soya gyaɗa a yashi. Ya ce ƙarar taunarsu ce. Akwai makirfo a cikin ruwan, idan ƙarar ta yi yawa na'urar ta watsa abinci, idan ta lafa ta tsaya. Ni da na san buhu nawa ke ruɓewa a ƙasan kududdufin tarwada saboda yaro ya zuba ya tafi, na daɗe ban cire abin daga kunnena ba.

Ya jefa birgi ya jawo, ya ɗauki guda ya ɓalle kan. A ciki akwai wani abu mai laushi, launin ƙasa-ƙasa da ratsin lemo. Wannan ne hantarsa kuma rumbunsa, a nan yake narka abinci ya tara mai. Naman wutsiyar da ake ci kusan ba shi da kitse, bai fi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Ya shafa ɗan abin a gilashi ya ce kowane mako suna dubawa a madubi, idan ɗigon mai ya cika bututun ciki, lafiya lau, idan sun ga wayam to akwai magana, ko abinci ko cuta. Ya ba ni labarin 1999, shekarar da cutar farin tabo ta shigo. Ya ce da safe za ka ga balbelu sun yi wa kududdufi rumfa, ka san an gama. Cikin shekara biyu abin da ƙasar ke fitarwa ya ragu da kusan kashi biyu cikin uku. Abin da ya tashe su shi ne sun riƙa tsince 'yan tsirarun da suka tsira suna mayar da su iyaye, aka yi ta yi har zuriyar ta yi tauri. "Cuta mun iya mata da zaɓe," ya ce. "Mai kuwa har gobe saye muke."

Daren tsakiyar watan Rabi'u Sani ne, wata ya cika. Ba sa girbi sai a irin wannan lokaci ko lokacin duhun wata, sa'ad da teku ke cika sosai ya kuma janye sosai, sai a buɗe ƙofar kududdufi ruwa ya fita da ƙarfi. Kafin a buɗe sai da dattijon ya matsa guda ɗari da yatsa ɗaya bayan ɗaya, don idan da yawa sun yi sabuwar saɓa ɓawonsu da laushi, mai saye zai karya farashi. Wajen ƙarfe goma aka zare katakan. Ruwa ya yi ta ruri cikin raga, ana kwasowa ana juyewa cikin ƙanƙara, suna tsalle suna walƙiya a farin wata. Har asuba ana yi. Na yi sallah a kan gaɓar kududdufin, sauro kamar su ɗauke ni.

A zaune a wurin ne hankalina ya koma gida. Man da ke cikin waɗannan akwatuna gansakuka ce ta yi shi, ƙaramin kifi ya ci, aka niƙe ƙaramin kifin aka tatse. Na Ekwado daga tekunsu da na Peru yake fitowa. Amma kasuwar ɗaya ce a duniya, kuma irin wannan yunwar man ce ta kafa masana'antu a Nuwadibu ta Muritaniya da gaɓar Senegal da Gambiya, inda ake niƙe shawa da bonga. Wani rahoto na ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets a 2021 ya ce sama da tan 500,000 ake kwashewa a yankin duk shekara. Wannan kifin shi ne mata ke banda, a loda a mota a shiga da shi cikin ƙasa, ya ƙare a miyar wanda ba ya iya sayen nama. A ɗauke DHA daga tukunyar mai goyo a kai wa dabbar da za a ci a otal, wannan bai kwanta mini ba, kuma ba zan ce hannuna a wanke yake ba, domin ni ma ina sayen garin kifi na waje ban taɓa tambayar daga ina ya fito ba. Akwai masu neman mafita. A baje-kolin na ga man da aka samo kai tsaye daga wata ƙwayar teku mai suna Schizochytrium, ana kiwonta da sukari a manyan tankuna a Amurka da Brazil. A cibiyar binciken noma ta Rothamsted a Ingila an dasa ƙwayoyin gadon gansakuka cikin wani tsiro mai suna camelina har ya riƙa yin EPA da DHA a 'ya'yansa, a Ostareliya ma an yi haka da kanola. Tun da kifi dillali ne kawai, a je wurin mai kaya. Tsada ce matsalar da ta saura, ita ma shekarar da Peru ta rufe teku ta nuna tazarar ba ta da yawa.

Da muka dawo Gwayakil na kira Alhaji. Azahar ce a wurina, shi kuwa ya idar da isha'i.

"Malam, an gano mana?"

"An gano, Alhaji. Sai dai ba gishiri ba ne matsalar."

Na zayyana masa: 'ya'yan sai an shigo da su ta jirgi, ruwan sai an haɗa masa abin da ya fi gishiri, abincin kuma akwai man da ba ya fitowa a gonar kowa a Arewa, da dala ake sayen sa, kuma dabbar ba ta iya yin sa. Na ce tarwadarmu kuwa tana iyawa, akwai takardar da zan kawo masa. Abin da nake so mu gwada shi ne mu rage garin kifi a abincin masu tasowa, mu nemo man da ke da lanƙwasa uku mu haɗa da na suya, mu bar mai kyau ga iyaye da 'yan ƙyanƙyasa, mu ware kududdufi huɗu mu riƙa aunawa duk mako biyu.

Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke.

"To kuɗin jirgin fa?"

"Yana cikin littafina, Alhaji, shafi 60 na cika."

"Allah Ya sa alheri. Wannan abin da ka ce yana jin taunar kifi, tarwada ma zai ji ta?"

Na ce ban tambaya ba, amma jirgina sai gobe da yamma, kuma katin mai sayar da na'urar yana aljihuna.